Barbara McClintock, matar da ta ƙare rayuwarta kan tsabar masara

Duk wanda ya taɓa ɓare masara ya ga tsaba mai ɗigo-ɗigo, fari da ja a haɗe, to ya ga abin da ya kai wannan mata ga lambar Nobel.

An haife ta a Amurka a 1902, ɗiyar likita ce. Uwarta ba ta so ta shiga jami'a ba, wai kar ta rasa mijin aure, maganar da mu ma ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Uban ya sa baki, ta shiga jami'ar Cornell a 1919, ta fito da digirin dakta a 1927.

Daga 1941 ta zauna a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, kusa da Niyok. Da hannunta take shuka, tana rufe kan masara da jakar takarda don ta san uban kowace tsaba. A lokacin masana sun ɗauka ƙwayoyin gado a jere suke kamar tasbaha, kowace na wurinta. Ita ta gano akwai masu tashi su koma wani wuri. In ɗaya ta faɗa cikin ƙwayar da ke ba da launi, launin ya mutu. In ta fita, ya dawo. Daga nan ɗigo-ɗigon yake.

Da ta bayyana haka a taron masana a 1951, kaɗan sunka gane. A 1953 ta daina buga sakamakon, amma gona ba ta bar ta ba.

Sai daga baya anka tarar da abin a jikin ƙuda, dabbobi, har mutum. Kusan rabin DNA ɗinmu, wato rubutun halitta da muke gada wurin iyaye, irin waɗannan guntaye ne da sunka yi ta maimaituwa. Guda ɗaya, Alu, ya wuce kwafi miliyan 1. Namu sun bambanta da waɗanda ta gano a masara: ƙwayar jiki na kwafe guntun zuwa RNA, a mayar da kwafin DNA, a liƙa shi sabon wuri, na asali yana nan daram. Jiki na toshe mafi yawansu, amma wani kan kuɓuce. A 1988 anka gano guntun LINE-1 ya faɗa cikin ƙwayar da ke daskarar da jini a majinyata 2, ya sa masu ciwon da jini ba ya saurin tsayawa.

Nobel ta zo a 1983, tana da shekara 81, mace ta farko da ta karɓe ta ita kaɗai a fannin likitanci. Auren da uwarta ta ji mata tsoro kuwa, ba ta yi shi ba. Ta rasu ran 2 ga Satumba 1992, tana da shekara 90.