Allene Jeanes, matar da ta mayar da yauƙin bakteriya magani

A yau mun waiwayi rayuwar Allene Jeanes, masaniyar ilimin sinadarai da aka haifa a 1906 a garin Waco na jihar Teksas, ƙasar Amurka. Ta samu digirin dakta a jami'ar Ilinoi a 1938, lokacin da mata ba su cika samun gurbi a wannan fanni ba. A 1941 ta kama aiki a ɗakin binciken ma'aikatar noma da ke Peoria, kuma a nan ta zauna har ta yi ritaya a 1976.

Abin da ya ɗaukaka sunanta ya faro ne daga lalataccen lemo. Wani kamfanin garin ya aiko da abin shansa da ya yi kauri yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, yana neman sanin dalili. Jeanes da abokan aikinta suka gano wata bakteriya ce ke cin sukarin ciki, tana ɗaura ƙwayoyinsa cikin dogayen sarƙoƙi. Sunan wannan yauƙi dekstaran. Masana a Suwidin sun riga sun nuna za a iya ɗura shi a jijiyar wanda ya zubar da jini, amma ita ce ta fito da hanyar samar da shi da yawa. Dekstaran ba jini ba ne, ba ya ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Aikinsa shi ne riƙe ruwa a jijiyoyi har majinyaci ya kai asibiti. Ba ya buƙatar firiji, ba ruwansa da rukunin jini. Sojoji da dama da suka ji rauni a yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 sun rayu saboda shi.

Daga baya tawagarta ta samo danƙon zantan daga Xanthomonas campestris, bakteriyar da ke ruɓar da ganyen kabeji a gona. Manomi na ƙin ta, masana'anta na kiwonta. Yawancinmu mun taɓa amfani da zantan ba mu sani ba: yana cikin man goge baki da askirim, har masu haƙar man fetur na zuba shi a cikin laka.

A 1953 ta zama mace ta farko da ta karɓi babbar lambar yabo ta ma'aikatar. Ta rasu a Urbana a watan Disamba na 1995, tana da shekara 89.