Fyodor Dostoyevsky: Marubucin da bashi ya sa ya rubuta littafi cikin kwana 26

A farkon watan Oktoban 1866, shahararren marubucin nan na Rasha, Fyodor Dostoyevsky, ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. Saura ƙasa da wata guda wa'adin miƙa sabon littafi ya cika, shi kuwa bai fara rubuta shi ba.

An haifi Dostoyevsky a birnin Mosko a 1821. Ya yi shekara huɗu a kurkukun aikin gwale-gwale a Siberiya saboda shiga wata ƙungiyar masu sukar gwamnati, kuma ya yi fama da ciwon farfaɗiya har ƙarshen rayuwarsa.

Yarjejeniyar da ta zame masa tarko

A 1864 matarsa ta rasu, bayan 'yan watanni yayansa Mikhail ya bi ta. Basussukan mujallar da suke bugawa tare da ɗawainiyar iyalin mamacin duk suka dawo wuyansa. Ga kuma caca da ta zame masa jaraba.

Cikin wannan hali ne a 1865 ya karɓi rubul 3,000 daga wani mai buga littattafai, Fyodor Stellovsky. Sharaɗin shi ne ya kawo sabon littafi kafin ranar 1 ga Nuwamban 1866. Idan ya saɓa, mutumin zai riƙa buga rubuce-rubucensa tsawon shekara tara ba tare da ya biya shi ko sisi ba.

Matsalar ita ce hankalinsa na kan wani aikin, wato littafin Crime and Punishment, wanda ke magana kan laifi da hukunci, ana kuma buga shi kashi-kashi a wata mujalla a 1866.

Duk da talaucin da yake ciki, Dostoyevsky ba ya miƙa abin da bai gamsu da shi ba. A ƙarshen 1865 ya watsar da abin da ya rubuta na wannan littafi ya sake sabon lale. Da farko mai kisan ne ke ba da labari da bakinsa, daga baya ya mayar da labarin bakin mai kallo daga gefe.

Zuwan Anna

Da lokaci ya ƙure, aka ba shi shawarar ya ɗauki wanda ya iya rubutun gaggawa. Ranar 4 ga Oktoba wata budurwa 'yar shekara 20, Anna Snitkina, ta zo gidansa a birnin Saint Petersburg.

Da dare yakan zauna shi kaɗai da shayinsa da sigari yana tsara labari. Da rana ya yi mata shifta, ita kuma ta koma gida ta kwafe da kyau, washegari ta kawo ya gyara.

Cikin kwana 26 suka kammala The Gambler, labarin wani ɗan caca. Abu ne da marubucin ya sani ciki da bai, domin shi kansa ya sha karya jarinsa a gidajen cacar Jamus.

Da ya kai littafin, sai ya tarar Stellovsky ba ya gari, ofishinsa kuma ya ƙi karɓa. Sai ya miƙa shi a ofishin 'yan sanda aka ba shi rasit, shaidar cewa ya cika alkawari.

Ya auri Anna a watan Fabrairun 1867. Halinsa na sake aiki bai canza ba: a ƙarshen wannan shekara, suna birnin Geneva ba su da kuɗi, ya yi watsi da rubutun farko na littafin The Idiot ya faro daga tushe, alhali mujalla na jira.

Anna ce ta karɓi ragamar lissafin gidan. Ya daina caca a 1871, kuma daga 1873 suka fara buga littattafansa da kansu, har a hankali suka rabu da bashi.

Littafinsa na ƙarshe, The Brothers Karamazov, ga Anna ya sadaukar da shi. Ya rasu a 1881 yana da shekara 59.