Richard St. Barbe Baker: ya bar karatun coci da aikin soja, ya koma ga itatuwa

Jama'a, mutumin da na ɗauko mana yau Bature ne, ɗan Ingila, kuma ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka. Na zaɓe shi ne don 'yan'uwanmu da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba da shagunansu na Suk al-Arabi da kasuwar Omdurman, suna zaune suna tunanin wace sana'a kuma za a kama da furfura a kai. Shi ma yaƙi ne ya katse masa hanya, kuma sai da ya kai shekara 30 kafin ya kama aikin da duniya ta san shi da shi.

An haifi Richard St. Barbe Baker ranar 9 ga Oktoba 1889 a ƙauyen West End, a yankin Hamsha na kudancin Ingila. Mahaifinsa mai wa'azi ne, yana kuma renon 'ya'yan itace don sayarwa. Yaron ya tashi da ban ruwa da kiwon zuma, amma burinsa ya zama malamin coci. A 1910 ya tafi Kanada, ya shiga jami'ar Saskacewan yana karatun addininsu. Don ya samu abin kashewa, sai ya yi ƙwadago a sansanin masu saran katako. A can ya ga yadda ake kwantar da daji ba lissafi, ya kuma ga iska tana kwashe ƙasar gonakin da aka buɗe ba a bar musu ko itace ɗaya ba. Ya koma Ingila ya ci gaba da karatun coci a Kambirij, sai yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914. Ya shiga rundunar igwa, aka kai shi Faransa, ya samu raunuka masu tsanani har aka sallame shi.

To, a nan ne labarin ya fi jan hankalina. Mutum ya dawo da tabo a jiki, karatu ya katse, sa'o'insa da yawa suna kabari. Hausawa suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Baker ya sake zama ɗalibi a Kambirij, wannan karon yana karatun gandun daji. Kuɗin makaranta kuwa da hannunsa ya nemo su: yana sayen katakon jiragen yaƙi da gwamnati ta yi gwanjonsu, yana ƙera ɗakunan da mota ke ja, yana sayarwa.

A 1920 aka tura shi Kenya a matsayin mataimakin jami'in gandun daji. Ya tarar daji yana ƙarewa a ƙasar Kikuyu, kuma gwamnati ba ta da niyyar kashe kuɗi a kan shuka. Ya lura mutanen wurin ba sa fara babban aiki sai da rawa, sai ya nemi taimakon wani basarake, Josiah Njonjo, suka kira rawar itatuwa a Muguga a watan Yuli 1922. Dubban samari suka zo. Daga cikinsu 50 suka fara ɗaukar alkawarin shuka itace 10 kowace shekara da kula da itace duk inda suka gan shi. Aka sa musu suna Watu wa Miti da Suwahili, wato mutanen itatuwa. A 1924 ya kafa reshenta a Ingila da sunan Men of the Trees, kuma ƙungiyar tana nan har yau da sunan International Tree Foundation.

Daga Kenya sai Najeriya, inda ya yi aiki a dazuzzukan kudu, wajen Benin, har 1929. Nan fa dole in faɗi gaskiya: ofishin da yake wa aiki, babbar buƙatarsa katako ne da za a loda a jirgi zuwa Turai, kuma dokokin gandun daji na Turawa sun raba talakawa da yawa da dajin kakanninsu. Ita kanta Kenya, filayen da Turawa suka ƙwace da itacen da jirgin ƙasa ya ƙone suna cikin abin da ya ci dajin. Baker bai jima yana shiri da manyansa ba. Ya bar aikin gwamnati, ya shiga yawon duniya yana lacca da rubutu. Ya je Falasɗinu ya kafa reshe, ya je Amurka ya yi fafutukar ceto manyan itatuwan Kalifoniya.

Abin da ya fi shafarmu shi ne tafiyar da ya yi a 1952 zuwa 1953, yana da shekara 63. Ya tsallaka Sahara da mota daga Aljeriya, ya sauko ta Nijar da arewacin Najeriya, ƙasar da kakanninmu suka baro, ya wuce har gabashin Afirka. Ya dawo da shawarar a shuka ɗamarar itatuwa mai faɗin kusan kilomita 50 don tare hamada, ya rubuta littafin Sahara Challenge a 1954. Da yawa sun ɗauke shi mai mafarki. Amma a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, ta cikin Nijar da Najeriya da Cadi da Sudan.

A ganina, Baker ya ga ciwon da kyau, sai dai maganin ya zo ta wata ƙofa. Masana sun gano hamada ba ta tafiya gaba kamar rundunar soja, ƙasa tana mutuwa ne wuri-wuri inda aka aske ta. Dashe da yawa kuma ba ya kai rani na biyu. Abin da ya yi aiki sosai a Maradi aka fara shi cikin shekarun 1980, wato sassaben zamani. Manomi ba ya tumɓuke kututture. Yana zaɓar tohon da ya fi ƙarfi, biyu ko uku, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya rage ƙananan rassa, ya kare shi daga awaki. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yana tashi da sauri. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo haka a Nijar sun kai kadada miliyan 5, da gawo, wanda a nan ake kira haraz, yana ba ƙasa taki. Kun ga dai darasin Muguga ne ya dawo: itace yana rayuwa ne in mai wurin ya ce nawa ne.

Mu ma a nan muna da abin tunawa. Cikin shekarun 1960 aka shuka Hizam al-Akhdar a kudancin Khartum don tare habub. Yau unguwannin Mayo da Ingaz ana kiransu Janub al-Hizam, suna ya rage, itatuwa sun tafi. Dajin Sunut na bakin Farin Nilu, wato bagaruwa, yana kusa da Mugran, kuma kowa ya san abin da rashin gas ke sa mutum ya yi da gatari. Ba na zargin uwar da ta sari itace don ta dafa wa 'ya'yanta. Amma gobe za a buƙaci mai renon dashe, da mai datse dalbejiyar da harsashi ya tsaga kafin reshe ya faɗo wa mutane, da mai tsaga dakwara, wato hashab, bayan damina don ƙaro ya fito. Duk sana'o'i ne, jarinsu wuƙa da igiya da haƙuri, kuma hannun Bahaushe bai manta noma ba.

Baker ya ƙare rayuwarsa yana zaune a Niyu Zilan, amma bai daina tafiya ba. A Yuni 1982 ya koma Saskatun, garin da ya fara karatu, ya halarci dashen itace a harabar jami'ar. Bayan 'yan kwanaki, ranar 9 ga wata, ya rasu yana da shekara 92, aka binne shi a can.