Frederick Taylor: Injiniyan da ya sanya wa gumin lebura agogo

Duk ɗalibin da ke karatun injiniyancin masana'antu a jami'a, da wuya ya kammala shekarar farko bai ci karo da sunan Frederick Winslow Taylor ba. Shi ne mutumin da ya mayar da aikin lebura abin aunawa da agogo, kuma fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa ana ta muhawara kan wanda ya ci ribar wannan awo.

An haife shi ranar 20 ga Maris, 1856, a Germantown da ke birnin Filadelfiya ta Amurka, a gidan masu hali. Mahaifinsa lauya ne, kuma shi ma hanyar da aka shimfiɗa masa ke nan. Ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Harvard a 1874, amma ciwon ido ya sa bai tafi ba. Sai ya shiga wata masana'antar ƙera famfo a matsayin ɗan koyo. A 1878 ya koma kamfanin ƙarafa na Midvale, inda ya fara daga ƙasa, ya zama shugaban ma'aikata, har ya kai babban injiniya.

Karatunsa na jami'a ya zo ne bayan ya san aikin da hannunsa. Da rana yana masana'anta, da dare yana kan littattafai, har ya samu digirin injiniyancin injuna daga Cibiyar Fasaha ta Stevens a 1883.

A Midvale ya lura cewa ma'aikata na rage hanzari da gangan, domin sun san da zarar sun ƙara yawan aiki, masu kamfani za su rage kuɗin da ake biya kan kowane kaya. Taylor ya ga cewa babu wanda ya san haƙiƙanin aikin da mutum zai iya yi a yini. Saboda haka ya rarraba kowane aiki zuwa ƙananan motsi, ya auna daƙiƙoƙin kowanne, ya zubar da waɗanda ba su da amfani, sannan ya ƙayyade wa ma'aikaci abin da zai yi da lokacin da zai huta.

Daga 1898 zuwa 1901 ya yi aiki da kamfanin ƙarafa na Bethlehem. A can ne shi da Maunsel White suka gano hanyar gasa ƙarfen yanka ta yadda ba ya dakushewa ko ya yi jajir, abin da ya ja hankalin duniya a bajekolin Paris na 1900. A can kuma ya gano cewa shebur ya fi ba da aiki idan nauyin abin da yake ɗiba ya kai kimanin kilo 9 da rabi, don haka aka tanadi shebur daban ga gawayi, daban ga tama.

Labarinsa mafi shahara shi ne na wani lebura da ya laƙaba wa suna Schmidt. A littafinsa na 1911, The Principles of Scientific Management, ya ce mutumin ya tashi daga loda tan 12 da rabi na ƙarfe a yini zuwa tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Ma'ana, aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada bai ko ninka biyu ba. Taylor da kansa ya amince cewa cikin lebura takwas, ɗaya ne kaɗai ke iya jure wannan nauyi.

Ma'aikata ba su yi shiru ba. A 1911 masu zubin ƙarfe a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown suka tafi yajin aiki bayan an tsaya musu a ka da agogo. Majalisar Wakilan Amurka ta kafa kwamitin bincike, Taylor ya bayyana gabansa a farkon 1912, kuma a 1915 aka hana kashe kuɗin gwamnati kan irin wannan awo a masana'antun soja.

Shi kansa labarin Schmidt bai tsira ba. A 1974 masu bincike biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, suka bi takardun asali, suka nuna cewa Taylor ya yi wa labarin ƙarin gishiri, yana sauya bayanai daga wannan lacca zuwa waccan.

Ya mutu ranar 21 ga Maris, 1915, sakamakon ciwon huhu, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 59. Kafin nan, a 1909, kwalejin da ta zama Jami'ar Jihar Pennsylvania ta buɗe sashen injiniyancin masana'antu na farko, a ƙarƙashin Hugo Diemer, wanda ya gina darussansa kan tunanin Taylor.

Ɗalibin wannan fanni ya gaji abu biyu daga gare shi: dabarar auna aiki domin rage asara, da kuma tambayar da agogonsa bai amsa ba, wato yadda za a raba ribar tsakanin mai jari da mai gumi. Tarihinsa ya kuma nuna cewa alƙaluman injiniya, komai shahararsa, na buƙatar wanda zai bi diddiginsu.