Hajiya Gambo Sawaba: Matar da Ta Nema wa Matan Arewa 'Yancin Jefa Ƙuri'a

A duk ranar zaɓe muna ganin dogon layin mata a rumfunan ƙauyukanmu, wasu da goyo a baya, kowace riƙe da katinta. Da yawa daga cikinmu na ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ba haka ba ne. Akwai waɗanda suka sha ɗauri kafin a kai ga hakan, kuma a sahun gabansu akwai marigayiya Hajiya Gambo Sawaba.

An haife ta a shekarar 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu, amma da yake ita ce ta biyo bayan tagwaye sai Gambo ya bi ta. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aiki a hukumar jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. Ta tashi a Zariya, inda ta fara makarantar firamare ta En'e a Tudun Wada. Karatun bai yi nisa ba, domin ta rasa iyayenta biyu tun tana ƙarama, aka yi mata aure tana da shekara 13.

Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Gambo ba ta wuce shekara 17 ba, amma ta shiga, ta kuma zama shugabar mata a reshen Sabon Garin Zariya. Sawaba kalma ce da 'yan NEPU suka ɗauka a matsayin takensu, ita ce kuma ta manne wa sunanta har ƙarshen rayuwarta. Ta yi tattaki zuwa Abeokuta don ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti, ta ga yadda matan can suka haɗa kansu. Da ta dawo sai ta riƙa shiga gida-gida tana magana da matan kulle kan auren wuri, aikin tilas, haraji da ilimin 'ya'ya mata.

Wannan bai yi wa hukumomin En'e daɗi ba. A 1952 aka kama ta a Kano, aka yanke mata ɗaurin wata uku, daga baya kuma aka kore ta daga garin. Masu rubuta tarihinta sun lissafa cewa sau 16 aka ɗaure ta, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan bangar siyasa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne zaɓen tarayya na 1959. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa doka ta hana su, haka aka ci gaba har Jamhuriya ta Farko ta rushe a 1966. Ke nan matar da ke hawa dandamali tana tara wa jam'iyya jama'a, ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a ɗaya, balle ta tsaya takara. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba matan Arewa wannan dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. A Jamhuriya ta Biyu Hajiya Gambo ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Allah Ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001. Babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ƙuri'ar da ta nema ta samu, sai dai kujerun majalisa ba su biyo baya ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙi amincewa da ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman, kuma bayan zaɓen 2023 da shari'o'in da suka biyo shi, mata huɗu kacal suka samu shiga Majalisar Dattawa mai kujeru 109.