Marigayi Gunpei Yokoi, Maƙerin Game Boy

An haifi Gunpei Yokoi a birnin Kyoto na ƙasar Japan cikin 1941. Da ya ƙare ilmin lantarki a Jami'ar Doshisha, sai kamfanin Nintendo ya ɗauke shi aiki a 1965, don ya riƙa duba injunan buga karta. Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya tarar ya ƙera wani hannun wasa mai miƙewa. Maimakon faɗa, sai ya sa aka kai shi kasuwa, aka kuwa sayar da fiye da miliyan guda.

A ganin Yokoi, tsohon kayan aiki mai araha ya fi sabo mai tsada, in dai an iya sarrafa shi. Da haka ya fito da Game Boy a 1989, akwatin wasa na hannu. Allonsa ba launi, amma batirinsa na jimawa, har ya tsere wa masu launin duka.

Sau ɗaya ya yi babban tuntuɓe. Akwatinsa na 1995, Virtual Boy, mujallar kamfanin ta Amurka, wato Nintendo Power, ta yi ta tallarsa, amma masaya suka juya baya. Ya bar kamfanin a 1996. Ran 4 ga Oktoba 1997 mota ta buge shi a bakin hanya, ya rasu yana da shekara 56.