Joe Louis (1914-1981) da Matsalar Auna Ƙarfin Naushi

A shekarar 2003 mujallar The Ring ta Amurka ta jera 'yan dambe ɗari da ta ce sun fi kowa ƙarfin naushi a tarihin damben zamani, ta kuma sanya Joe Louis a kan gaba. Wanda ya tsaya ga alƙaluma kaɗai zai yi jayayya da wannan hukunci. Louis ya yi nasara sau 66, kuma a 52 daga ciki bai bari an kai ga ƙidayar maki ba. A nan za a ari kalmar kisa daga damben gargajiya domin irin wannan nasara, ko da yake a wurinmu taɓa ƙasa kawai ya wadatar, a can kuwa sai mutum ya kasa tashi kafin a ƙirga goma, ko alƙali ya tsayar da wasan. Archie Moore ya yi kisa fiye da sau 130, Rocky Marciano kuma sau 43 cikin karawa 49. To, da me Louis ya fi su?

An haife shi ranar 13 ga Mayu, 1914, a jihar Alabama, cikin iyalin manoma baƙar fata, daga baya suka ƙaura zuwa Detroit. Ya ɗauki dambe a matsayin sana'a a 1934, a hannun mai horarwa Jack Blackburn. Shi ne ya koya masa gajeren naushi, wanda ba ya buƙatar ɗaga hannu daga nesa: ƙafa ta kafu, ƙugu ya juya, nauyin jiki duka ya bi dunƙulen hannu. Sannan naushin ba ya zuwa shi kaɗai. Na biyu da na uku suna sauka tun kafin a farfaɗo daga na farko.

A 1935 ya gama da Primo Carnera na Italiya a turmi na shida, duk da cewa Carnera ya fi shi nauyi da kusan kilo 30. A lokacin Mussolini na shirin afka wa Habasha, saboda haka baƙar fata da yawa suka ɗauki karawar fiye da wasa. Shekara guda bayan haka Max Schmeling na Jamus, wanda ya lura cewa Louis yakan sauke hannun hagu bayan ya kai naushi, ya kayar da shi a turmi na 12. Louis ya karɓi kambun duniya na ajin masu nauyi daga James Braddock a 1937, amma bai huce ba sai ranar 22 ga Yuni, 1938, lokacin da ya sake haɗuwa da Schmeling a New York. Minti biyu da daƙiƙa huɗu aka yi. Daga filin aka wuce da Schmeling asibiti da rauni a ƙashin baya.

A ganina, hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce karawarsa da Billy Conn a 1941. Conn ya fi shi zafin nama, kuma yana gaba a maki bayan turmi 12. A na 13 ya yi kuskuren tsayawa su yi musayar naushi, nan take Louis ya kashe shi. Ke nan ƙarfin bai ƙare da gajiya ba, kuma a kan gwanaye ya yi aiki, ba a kan 'yan koyo ba. Ya kare kambunsa sau 25 kafin ya ajiye shi a 1949.

Bashin haraji ya komo da shi fage bayan ƙarfinsa ya soma ja da baya, duk da cewa a 1942 ya sadaukar da ladan wasanni biyu ga asusun tallafa wa sojoji. Ezzard Charles ya doke shi da maki a 1950, Marciano kuma ya fitar da shi ta tsakanin igiyoyi a turmi na takwas a 1951. Daga ƙarshe ya koma aikin tarbar baƙi a wani gidan caca a Las Vegas, inda ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 1981. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.